Kwalbati Kafin Tagwaye: Ra'ayina Kan Hanyar Birnin Kudu Zuwa Gwaram

Yau mai karatu zai yi mini afuwa, domin ba labarin soyayya na zo da shi ba, ba kuma sharhin wani sabon littafi ba. Maganar kwalta ce da kwalbati da tirela. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, to amma marubucin ma a mota yake zuwa gida, kuma in gada ta karye ba ta tambayar sana'ar wanda ke cikin motar.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata muhawara ce da ta kaure a Birnin Kudu kwanakin baya, da na je ɗaurin auren 'yar wani ɗan'uwana. Bayan an shafa fatiha an watse, sai muka koma wata majalisa da ke bakin titi, muka baje a kan benci, ana shan rake ana hira. Duk bayan 'yan mintoci sai tirela ta wuce ta katse mana magana, ta bar mu da ƙura da hayaƙi. Can sai wani matashi ya yi tsaki ya ce, "Wallahi an cuce mu a garin nan. An ɗauke mana hanya an kai Shuwarin, mu an bar mu da ragowa." Nan take majalisa ta ɗauka. Kafin a kira la'asar an gama yanke hukunci: duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, abu ɗaya za a ce masa, wato a yi mana tagwayen hanya tun daga Kwanar Huguma, ta ratsa Birnin Kudu, ta bi Babaldu, ta wuce Gwaram har Basirka.

Ni kuma da ƙarambanina sai na ce, da ni za a tambaya, ba tagwaye zan fara roƙa ba. Kai, jama'a! Kamar na zagi wani. Kawuna da ke gefe yana jan carbi ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, zaman birni ya ɓata ka. Ku can kuna yawo a kan tagwaye, mu ne ba mu dace da ita ba?" Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri Kawu, ba haka nake nufi ba." Ba a bar ni na ƙarasa ba. To ga abin da na so faɗa.

Da farko dai, matashin nan yana da gaskiya, kuma ba zan danne masa ita ba. Wanda ya tashi a Birnin Kudu ya san cewa a da in ana maganar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wannan hanya tamu ake nufi. Daga Kano a ƙetare gadar Wudil, a bi ta Takai, a wuce Kwanar Huguma, a shigo Birnin Kudu, a miƙa gabas har a haɗu da hanyar Bauchi zuwa Potiskum a Kari. A takardun gwamnatin tarayya sunanta A237. Da ita masu abinci da masu faci da masu tsire da 'yan kamasho suka gina gidaje suka aurar da 'ya'ya. Sai a shekarar 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka bayar da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, tsawon sama da kilomita 500, aka kasa aikin kashi 5: Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, Shuwarin zuwa Azare, Azare zuwa Potiskum, Potiskum zuwa Damaturu, sai Damaturu zuwa Maiduguri. Ka duba jerin nan da kyau, babu Birnin Kudu a ciki, babu Gwaram. Hanyar ta bi ta gefen Dutse, babban birnin jiha, ta bar mu a kudu. Alhali a ƙidayar 2006 ɗin nan ƙaramar hukumar Birnin Kudu na da sama da mutum 300,000, ita ce ma kan gaba a Jigawa, Gwaram kuma sama da 270,000. Don haka ba abin mamaki ba ne in mutanenmu suna jin an yi rabo ba da su ba.

Kuma ba wai hanyar tamu ta mutu ba ne. Mai zuwa Ningi da Bauchi daga Kano ta nan yake bi, ya karya kwana a Babaldu. Mai zuwa Gombe da Adamawa ta Darazo da Dukku ta Gwaram da Basirka yake bi. Kayan gona daga kasuwar Sara da ta Babaldu ta nan suke fita. Wato an ɗauke suna ne, nauyin yana nan.

To me ya sa na ce ba tagwaye zan fara roƙa ba?

Mai karatu, mu yi lissafin shekaru. An bayar da waccan kwangila a 2006. Sai a ƙarshen 2021, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, lokacin Babatunde Fashola na ministan ayyuka, aka yi bikin miƙa kashin Shuwarin zuwa Azare da na Azare zuwa Potiskum, shi ma sai da aka haɗa da kuɗin Sukuk da gwamnati ta fara karɓa a 2017. A ranar da ake wannan biki, kashin farko na Kano zuwa Shuwarin, wanda ya fi kowanne cunkoso, bai kammala ba. Shekara 15, shugaban ƙasa 4. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka sa hannu a kwangilar yana sakandare aka yanke ƙyallen. Ana iya cewa rikicin Boko Haram ya kawo cikas a ɓangaren Yobe da Borno, gaskiya ne, amma tsakanin Wudil da Gaya fa? Wannan ita ce hanyar da ta haɗa jihohi 5, wadda gwamnoni da sanatoci ke bi. In ita ta ci shekara 15, tamu da aka riga aka tsallake shekara nawa za ta ci? Kuma abin da ya fi damuna shi ne, da zarar an ce hanya "za a tagwaita ta", to gyaranta ya tsaya. Duk ramin da ka nuna sai a ce maka ai babban aiki na tafe. Haka za a yi ta jiran babban aiki ramin na cin mutane.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A tsakiyar watan Agustan 2021, ruwan sama ya karya wata gada a ƙauyen Radabi, tsakanin Gwaram da Basirka. Wata bas da ta taso daga Kano ta nufi Adamawa ta zo ta afka cikin ramin. Mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta. An yi jimami, jaridu sun buga, gidajen rediyo sun faɗa, bayan mako guda duniya ta ci gaba da harkokinta. Wata 4 bayan nan aka yi bikin tagwayen Shuwarin.

Ina so mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa: me ya kashe mutanen nan? Mun yi imani da ƙaddara, kwana in ya ƙare ya ƙare, amma ana tambayar sababi. Ba ƙarancin hannun hanya ne ya kashe su ba. Da hanyar na da hannu 4 a wurin, ruwan da ya ci ɗaya zai ci huɗun. Abu biyu ne suka haɗu: mashigar ruwa ta kasa ɗaukar ruwan da ya zo mata, sannan tsakanin karyewar gadar da isowar motar babu abin da ya tsayar da direba. Na farko aikin injiniya ne da siminti da rodi. Na biyu kuwa bai wuce ganga biyu da jan ƙyalle da mutum ɗaya mai tocila ba.

In wani yana ganin tagwayen hanya ta fi ƙarfin ruwa, to ya tuna watan Agustan 2024. Ruwa ya yanke sabuwar hanyar nan ta Kano zuwa Maiduguri tsakanin Jama'are da Azare, motoci suka koma zagaye. Hanyar da ba ta cika shekara 3 da miƙawa ba ke nan. Ruwa bai san tagwaye ba, bai san tilo ba. Mafita kawai yake nema, in ba ka ba shi ba ya yi wa kansa.

Mu kuwa nan kudancin Jigawa ruwa ne babban abokin gabar hanyarmu. Ƙasarmu ba irin ta Gumel ko Maigatari ba ce. Mun fi su samun ruwan sama, ga duwatsu, waɗanda har tarihi ya san mu da su saboda zanen mutanen da da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Dutse ba ya shan ruwa. In aka yi mamako cikin dare, duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake da gudu, ya cika ƙoramu, ƙoramu su nufi manyan koguna irin na Bunga da ya bi ta ƙasar Gwaram. Hanya kuma ta gitta duk waɗannan ƙoramu kamar madatsa. Kowace ƙorama da kwalbatinta, kuma yawancin kwalbatocin nan an auna su ne da ruwan wani zamani, lokacin da daji ke da itatuwa da ciyawar da ke riƙe ruwa. Yau an sare dajin, an nome gangaren har bakin kwalta, ruwa na zuwa da yashi da kara da leda. Kwalbatin da aka yi don ruwa sai ya zama rumbun yashi. Ranar da babban ruwa ya zo ya tarar da ƙofa a toshe, sai ya taru a gefe guda, ya fara cin ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta. Daga sama hanya lafiya lau, baƙa wuluk, daga ƙasa kuwa kogo ne. Wanda ya ga ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 100 a Jigawa kaɗai, sama da 600 a faɗin Nijeriya, ya san irin ruwan da nake nufi.

Ni kaina na taɓa ɗanɗanawa. Wata damina muna dawowa daga gaisuwar rasuwa a ƙasar Gwaram, magariba ta yi mana a hanya, ana yayyafi. Sai direbanmu ya taka birki da ƙarfi har muka gwaru da kujerun gaba. Ashe wani dattijo ne tsaye a tsakiyar titi, ya yafa buhu a ka, yana kaɗa reshen darbejiya. Direba ya leƙa a fusace ya ce, "Baba, lafiya? Kashe kanka za ka yi?" Dattijon ya ce, "Ɗana, sauko ka gani." Muka sauka. Rabin hanyar ya rufta, sauran rabin na rataye a kan iska, ruwa na ruri a ƙasa. Gonarsa ce a gefen wurin, ya ji ƙarar ruftawar, ya baro gida ya zo ya tsaya. Babu wanda ya aiko shi, babu wanda zai biya shi. Muka tara masa ɗan abin da ya samu, da ƙyar ya karɓa. Tun daga ranar nake tunanin cewa tsakanina da kabari a daren nan reshen darbejiya ne kawai, kuma ba kowace kwalbati ce ke da dattijo a gefenta ba.

Ramukan da muke kuka da su ma 'ya'yan ruwa ne. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwalta na tsufa, rana ta gasa ta, ta yi 'yar tsaga kamar zare. Ruwa ya shiga ta nan ya jiƙa marmarar da ke ƙasa, tirela ta bi ta kai ta matse, ƙasa ta yi laushi, kwalta ta fashe. Tsagar da za a toshe da bokitin kwalta a watan Afrilu ita ce ramin da zai karya wa mota ƙafa a watan Satumba. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa, inda ya ƙiyasta cewa ƙasashe 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45, asarar da gyaran dala biliyan 12 a kan lokaci zai iya hanawa. Don wannan ne ma aka kafa hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta FERMA a 2002. Ilimin yana nan, hukumar tana nan. Abin da babu shi ne jama'ar da za ta tsaya kai da fata ta ce gyara take so, da irin zafin da take cewa tagwaye take so.

Sai maganar lodi. Akwai wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, aka yi ta zagaya manyan motoci masu nauyi daban-daban a kan hanya ana auna ɓarnar kowace. Abin da aka gano, wanda injiniyoyi ke aiki da shi har yau, shi ne in ka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau 2, ɓarnar da za ta yi wa hanya ba sau 2 za ta ninku ba, kusan sau 16 ne. Wato tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima, aka ɗora buhuna har sama, aka ɗora mutane a kan buhunan, ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Ka gina tagwaye ka bar irin wannan lodi, ka sami hanya biyu masu ramuka maimakon ɗaya. Sikelin auna manyan motoci guda ɗaya a Kwanar Huguma ko Babaldu, in har za a sami masu tsoron Allah su tsaya a kansa (na san mai karatu ya yi murmushi a nan, ni ma na yi), zai ƙara wa hanyar nan shekaru fiye da wani sabon shafen kwalta.

Akwai kuma abin da 'yan majalisarmu ba su hango ba, wato yadda tagwayen hanya ke yi wa gari in ta ratsa tsakiyarsa. A cikin Birnin Kudu wannan titi ba hanyar matafiya ba ce kawai. Shi ne kasuwa, shi ne tasha, shi ne hanyar makaranta. Garin da ke da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da makarantar koyon aikin jinya, da tsohuwar Kwalejin Gwamnati wadda irin su Aliko Dangote suka yi karatu a cikinta, gari ne da mutane ke tsallaka titi daga asuba har dare: mai jinya da kwanon abinci, ɗalibi da jaka, tsohuwa da sanda, yaro da tallan gyaɗa, ga amalanken shanu, ga 'yan acaɓa. Ka faɗaɗa titin nan, ka shafe shi sumul, ka sa kankare a tsakiya, me ka yi? Ka gaya wa direban da ya taso daga Kano cewa ya taka. Ka raba gari biyu. Mai shago a wannan hannu ya rasa rabin masu cinikinsa. Ɗan acaɓa ba zai yi tafiyar kilomita guda don ya juyo ba, hannun da ba nasa ba zai bi. Bayan wata 6 za a fasa kankaren da daddare, bayan an kaɗe yaro na farko kuma matasa za su fito su yi tudun rage gudu da ƙasa da kututture, irin wanda ke fasa wa mota ciki. Duk mun ga wannan a garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Kaduna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa inda mutane da motoci ke cakuɗa, gudu kada ya wuce kilomita 30 a awa, domin a wannan gudun yawancin wanda aka buge yana tashi, in ya haura sosai kuwa sai dai a ɗauka.

Za a ce to a yi hanyar kewaye ta bayan gari. Madalla, amma a tuna abu biyu. Masu abinci da masu faci da ke kukan an kai hanya Shuwarin, kewayen nan zai sake ɗauke musu wani kason. Sannan a je Kaduna a ga titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka yi a matsayin hanyar bayan gari, yau gari ya haɗiye shi, ya zama ɗaya daga cikin titunan da mazauna wurin suka fi kuka da su. In ba a hana gini a bakin kewaye ba, shekara 10 ta isa ya koma cikin gari.

Abin da cikin garuruwanmu ke buƙata da gaggawa bai kai wannan tsada ba. Wurin tsayawar manyan motoci a wajen gari, mai ruwa da masallaci da makewayi, inda masu abinci za su koma su yi cinikinsu, maimakon tireloli da tankoki su yi layi a kan kwalta cikin duhu ba fitila. Wanda ya tuna abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta ta hallaka sama da mutum 150, ba ya buƙatar a yi masa bayanin haɗarin tanka a tsakiyar jama'a. Sai lambatu mai murfi a gefen titi, da dakalin masu tafiya a ƙasa, da tudun rage gudu irin na injiniya, mai fenti da alama, a gaban asibiti da makarantu da bakin kasuwa. Ranar kasuwar Sara ko ta Babaldu kuwa, a matsar da masu kasa kaya da masu lodi daga kan kwalta, ko da taku 20 ne.

Kada a ce na ƙi gaskiya, tagwayen hanya na da amfaninta, babba ma kuwa. Mafi munin haɗari a hanya tilo shi ne taho-mu-gama, lokacin da ƙaramar mota ta gaji da bin bayan tirela ta fito za ta wuce a kan kwana. Raba hannu biyu na kashe wannan kusan gaba ɗaya. Na yarda. Amma ko wannan akwai tsaka-tsaki. A ƙasar Suwidin, wadda ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, tun ƙarshen shekarun 1990 suka ga ba za su iya tagwaita kowace hanya ba, sai suka koma yin hanya mai layi 3: biyu a wannan hannu, ɗaya a wancan, bayan 'yan kilomitoci a sauya, da shingen waya a tsakiya. Kowa ya san in ya yi haƙuri kaɗan zai sami wurin wucewa. Mace-mace suka ragu ƙwarai a waɗannan hanyoyi. Mu ko kafaɗar hanya aka gyara mana, aka cike gefen da ya zaizaye har ya zama gaɓa, ta yadda mai amalanke da mai keke za su sami inda za su raɓe, motar da ta lalace kuma ta sauka daga kan titi, an rage makoki da yawa.

To in abin haka yake da sauƙi, me ya sa ba a yi? A ganina, domin kwalbati ba ta da ƙyallen yankawa. Ba a gayyatar makaɗa don an yashe magudana. Ba wanda zai manna hotonsa a jikin ramin da bai taɓa samuwa ba saboda an toshe tsaga a kan lokaci. Gwamnati a ko'ina ta fi son aikin da ake gani daga jirgin sama, shi ya sa a 2024 aka fara hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da ta Sakkwato zuwa Badagry, kowace ɗaruruwan kilomitoci. Ban ce kada a yi su ba. Amma ɗan siyasa ɗan kasuwa ne, abin da ake saye yake kasawa. In muka ce tagwaye, zai ce tagwaye, ya kawo katafila biyu ana saura wata 3 zaɓe, a ture 'yan shaguna, a zuba jar ƙasa, a tafi. Mu muka koya masa. Kuma Birnin Kudu ba za ta ce ba ta san ƙofar gwamnati ba: gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan nan ne, Sule Lamido da ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015 ɗan Bamaina ne. Muryarmu na kaiwa. Abin da muke aikawa da ita ne ya kamata mu duba.

Mu ma talakawa da namu laifin, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wa ke zuba shara a bakin kwalbati? Wa ke ɗibar yashi a gindin gada yana sayarwa tifa-tifa? Wa ke kwance ƙarafan gefen gada ya kai wa 'yan gwangwan? Ba daga Abuja suke zuwa ba.

Da zan sami ɗan takarar nan a gabana, abin da zan ce masa shi ne: ranka ya daɗe, kafin kowace damina a sa injiniyoyi su bi hanyar nan a ƙafa tun daga Kwanar Huguma har Basirka, su leƙa kowace kwalbati da kowace gada, a rubuta wadda ta toshe, da wadda ta tsage, da wadda ta yi wa ruwanta kaɗan, a karanta a rediyo kowa ya ji, a manna a sakatariyar Birnin Kudu da ta Gwaram. Waɗanda suka yi kaɗan a fasa su a yi manya. Kowace babbar mashigar ruwa a damƙa ta a hannun dagacin da ke kusa, a ba shi mutum biyu da ɗan alawus, da ganguna masu fenti, da fitila, da lambar wayar da za a kira a ɗauka ko ƙarfe 2 na dare ne, a kuma haɗa su da shugabannin tasha a Kano da Darazo don labari ya riga mota isowa. Matafiyi bai damu da ko wannan yanki na tarayya ne ko na jiha ba, ku ku sasanta wannan a tsakaninku. In kuma da gaske ana nufin tagwaye wata rana, to tun yau a auna filinta a kafa duwatsu a hana gini, don kada ranar da kuɗin ya samu diyya ta cinye rabinsa. Ka yi mana wannan a shekararka ta farko, sai mu yarda da kai in ka ce tagwaye na tafe.

Washegari da zan koma na biya na yi wa Kawu sallama. Na sake gwada yi masa bayani a taƙaice, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji. In sun zo ka zo ka faɗa musu da bakinka. Ni dai tagwaye zan ce." Muka yi dariya, ya sa mini albarka.

A hanya, kafin mu kai Kwanar Huguma, na roƙi direba ya ɗan tsaya. Ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce lafiya, abu zan duba. Na gangara ƙarƙashin wata kwalbati na leƙa. Yashi ya cika ta fiye da rabi, ga leda, ga wani tsohon takalmi, a bakinta kuma wani bawan Allah ya samu ƙasa mai kyau ya shuka kuɓewa, har ta fara fure.